Rabon Wanda Ya Tafi

Harshen Hausa bai tanadi kalmar rabuwa ta har abada tsakanin masu rai ba. Yawancin sallamar da muke yi da "sai" take farawa: sai an jima, sai da safe, sai gobe, sai ka dawo, sai wata rana. Ko ita kalmar bankwana, idan aka warware ta, ba da kwana ce kurum, wato kowa ya je ya kwanta da niyyar a sake gamuwa idan gari ya waye. Ke nan Bahaushe ba ya iya rabuwa da ɗan'uwansa sai ya ɗaura wa rabuwar igiya, ya riƙe bakinta guda a hannunsa. Tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a zuci ita ce: idan mutum ya furta wannan "sai" alhali shi da wanda yake sallama duk sun san da wuya ta cika, me ya aikata? Ya yi ƙaryar da al'ada ta halatta ne don a sanyaya zukata, ko kuwa ya ɗauki bashin da za a tambaye shi? Idan kuma bashi ne, da me ake biyan sa?

Ban koyi wannan tambaya a aji ba, ko da yake koyarwa ce sana'ata. A bakin fadama na tsince ta.

Wanda ya san Dandume daga nesa, kasuwar hatsi ya sani. Manyan motoci ne ke jeruwa ranar kasuwa suna lodin masara da dawa da waken suya da shinkafa zuwa Kano da Legas da sauran wurare, domin wannan yanki na kudancin Katsina, daga Funtuwa da Bakori da Ɗanja zuwa Malumfashi, ƙasa ce mai ƙarfi, ruwan samanta kuma ya fi na arewacin jihar. Ba a banza aka zaɓi Funtuwa ba cikin wurare uku na farko, tare da Gusau da Gombe, da aka kafa shirin bunƙasa aikin gona da tallafin Bankin Duniya a 1975. Amma bayan an gama kaka, an kai amfani rumbu, akwai wani noma na biyu da ba ya shiga labarai sosai. Shi ne na masu lambu, waɗanda ke gangarawa fadama tun hunturu bai yi ƙarfi ba, su yi renon irin tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, su jira kamar wata guda kafin dashe, sannan su shafe rani suna ban-ruwa.

Noman damina da noman lambu ba ɗabi'arsu ɗaya ba, haka ma mutanen da suke haifarwa. Mai gonar damina yana iya shekara bai nemi komai wurin maƙwabcinsa ba in ban da ranar gayya, saboda ruwansa daga sama yake zuwa, kuma sama ba ta bi ta gonar kowa kafin ta iso tasa. Mai lambu kuwa ruwansa a ƙasa yake tafiya. Dole ya ratsa ta gefen fangalin wani, dole a yi yarjejeniya kan wanda zai ja da asuba da wanda zai ja da la'asar. A zamanin kakanninmu jigo ne, mutum ya wuni yana sunkuyawa yana ɗagowa. Da injin ban-ruwa ya shigo, sai ya zama mutum uku ko huɗu ne ke haɗa kuɗi su sayi guda, su riƙa karɓa-karɓa da tiyo. Shinge ma na tarayya ne: in ɗaya ya yi sakaci da nasa ɓangaren, akuyar da ta shiga ba za ta tambayi iyakar kowa ba. Haka ƙwari. A 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye tumatir a Kaduna da Kano da Katsina, kowa ya gane cewa feshin mutum ɗaya aikin banza ne muddin na kusa da shi bai yi ba. Saboda haka abota a lambu ba a zaɓar ta yadda ake zaɓar abokin hira. Ƙasa ce ke ɗaura ta, ruwa ya shaida.

Mu huɗu ne muka yi shekaru a jere a wata fadama da ke wajen gari. Akwai dattijo a gabas da ni, wanda ya girmi mahaifina da kaɗan, shi ne mai itatuwan mangoro biyar da gwaiba biyu a bakin lambunsa. Akwai wani sa'ana a yamma, gwanin albasa, mai yawan barkwanci. Na huɗun matashi ne, shi ke gyara mana inji idan ya ƙi tashi. Yau ni kaɗai na rage a cikinmu. Matashin ya fara tafiya, ya koma Kura ta jihar Kano inda ruwan madatsar Tiga ke bin magudanai ba sai an ƙona fetur ba. Sa'an nawa ya kwashe iyalinsa zuwa jihar Taraba. Dattijon kuma ɗansa da ke sana'a a Agege ya matsa masa lamba har ya yarda ya bi shi Legas.

Dalilan tafiyarsu ba boyayyu ba ne ga duk wanda ya zauna a wannan yanki. Dandume na maƙwabtaka da Sabuwa da Faskari, kuma dajin da ya miƙe zuwa Birnin Gwari ba shi da nisa da mu. A watan Disamba na 2020, mako guda bayan an kwashe ɗaliban makarantar kwana ta Ƙanƙara, aka tare 'yan makarantar Islamiyya na Mahuta, a cikin ƙaramar hukumarmu, ko da yake Allah ya sa an ceto su. Lambu kuwa aikin duhu ne: da asuba ake fita, wani lokaci a kwana ana gadi idan tumatir ya nuna. Sai ya zama sa'o'in da lambu ya fi bukatar mai shi su ne sa'o'in da iyalinsa suka fi jin tsoron fitarsa. Daga baya, da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, wanda tsoro bai kora ba sai lissafi ya kore shi.

Abu na farko da ke zuwa wa wanda aka bari, in zai faɗi gaskiya, ba kewa ba ce. Wani ɗan ɗaci ne mai kama da zargi. Na ji shi a bakin mutane da dama a majalisa: "Da kowa ya gudu, wa zai rage?" Kuma wannan magana tana da hujja, bai kamata a yi watsi da ita a matsayin hassada ba. Tafiyar mai lambu tana da farashi, kuma wanda ya zauna ne ke biya. Kuɗin fetur da ake rabawa huɗu ya koma kan mutum ɗaya. Motar da ake haɗuwa a cika da kwanduna ba ta cika, dillali kuma yana ganin haka zai karya farashi. Lambun da aka bari ya zama mafakar ciyawa da ƙwari da ɓeraye. Sannan ga abin da ya fi duka nauyi, wato fadamar da mutum goma ke kai-komo a cikinta ta fi aminci a kan wadda mutum biyu suka rage. Duk wanda ya tafi ya tafi da wani yanki na tsaron waɗanda ya bari. A kan wannan ne masu zargi ke kafa karin maganar nan cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Duk da haka ban yarda cewa wanda ya tafi ya ci amana ba. Amana tana tabbata ne inda aka yi alkawari, a fili ko a al'adance, kuma ban san wata al'ada tamu da ta taɓa ɗora wa mutum alkawarin mutuwa a inda aka binne cibiyarsa ba. Tarihin Hausawa ma akasin haka ya nuna. Mu ne masu cin rani, mu ne fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro har suka kafa zanguna a Kumasi da Salaga. Sabon Ibadan ya haura shekara ɗari da kafuwa. Bayan yaƙin Burmi a 1903, dubban mutanenmu suka nausa gabas, jikokinsu na nan a Mai Wurno da sauran garuruwan Sudan suna noma a bakin kogin Nilu. Su kansu garuruwan kudancin Katsina, nawa ne daga cikin mazaunansu kakanninsu ba baƙi ba ne da suka zo neman ƙasar noma, ko suka biyo cinikin auduga da layin dogon da ya ratsa Funtuwa? Wanda ya zauna yana zargin mai tafiya, in ya bincika, zai tarar shi ma jikan wani mai tafiya ne wanda ya bar wasu abokai a wata fadama suna yi masa irin wannan zargi. Sannan mutumin da ke da mata da 'ya'ya mata a gida, ya auna ya ga ba zai iya kare su ba, haƙƙinsu a kansa ya riga haƙƙin abokin ban-ruwa. Wannan ba ya share asarar wanda aka bari. Abin da yake nufi shi ne asara ce da ba ta da wanda za a kai ƙara, kuma irin wannan asara ita ce ta fi wuyar haɗiyewa, domin zuciya tana son ta sami fuskar da za ta ɗora wa laifi.

Sai dai nauyin maganar ba a nan yake ba. Yana wurin ƙasa.

Mai sana'ar hannu idan zai tashi, sai ya naɗe kayan aikinsa a buhu. Tela ya ɗaure kekensa a kan mota, maƙeri ya kwashi uwar maƙera da zugazugi. Mai lambu kuwa dukiyarsa ba ta ɗaukuwa. Shekarun da ya yi yana zuba takin gida har ƙasa ta yi baƙi ta yi laushi, da rijiyar da ya haƙa, da itatuwan da ya dasa, duk suna nan inda suke. Hanya ɗaya ce zai iya tafiya da su, ita ce ya mayar da su kuɗi. Kuma lokacin da ya fi bukatar sayarwa shi ne daidai lokacin da ƙasar ta fi arha, tunda abin da ya kore shi shi ne ya kori masu saye. Wa ya rage ya saya? Maƙwabci. Wato abokinsa.

A nan ne bankwana ke zama jarrabawa. Da sa'an nawa ya tsayar da shawarar tafiya Taraba, ni ya fara samu. Ya ce: "Malam, na fi son ya faɗa hannunka da ya faɗa hannun wanda bai san wahalar da na sha a kansa ba." Ya ambaci kuɗin da ni da shi muka san bai kai rabin abin da lambun zai yi ba a shekarun lafiya. Babu tilas a cikin maganarsa, shi ya kawo tayin, shi ya yanka farashin, kuma da na biya a ranar da ya yi mini godiya da zuciya ɗaya. Ta fuskar ciniki, babu abin da ya rage: ga mai sayarwa baligi mai hankali, ga yarda, ga shaidu. To amma yardar mutumin da tsoro ke bi a baya yarda ce irin wadda aka saba? Malamai sun daɗe suna tattauna cinikin wanda ya matsu, kuma ko waɗanda suka ce cinikin ya ƙullu ba su ce ya yi kyau a ci ribar matsuwar ba. Halaccin abu da kyawunsa ba kullum suke kwana ɗaki ɗaya ba.

Akwai wani hukunci da na karanta tun ina zuwa makarantar zaure, wanda sai a wannan lokaci na gane zurfinsa. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid, haƙƙin shuf'a, wato fifikon saye idan za a sayar da ƙasa, na abokin tarayya ne a cikin abin da ba a raba ba. Maƙwabci ba shi da shi. Hanafiyya ne suka ba maƙwabci. Da ina ganin wannan kamar an tauye maƙwabtaka. Yanzu ina ganin wata kariya a ciki ga mai sayarwa, domin maƙwabcin da ya ɗauka cewa lambun da ke gefensa nasa ne a jiran lokaci, zai iya wayar gari yana kallon tafiyar abokinsa da ido biyu, ɗaya na hawaye ɗaya na awo. Ba na jin akwai mai lambun da zai rantse bai taɓa auna fangalin maƙwabcinsa da ido ba. Wannan ba mugunta ba ce, ɗabi'ar manomi ce. Abin tambaya shi ne me mutum zai yi da wannan ido a ranar da dama ta zo masa a kan arha.

Wani zai ce, ai ƙin saye ma cutarwa ce. Mutum yana bukatar kuɗin mota da na haya da na fara sabuwar rayuwa, kai kuma ka tsaya kana tsarkake kanka, ƙarshe ya sayar wa baƙo da farashin da bai kai naka ba. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ta hana ni ɗaukar ƙin saye a matsayin mafita. Abin da muka daidaita a kai tsohuwar hanya ce da iyayenmu suka sani tun kafin dokar mallakar ƙasa ta 1978: jingina. Na ba shi abin da zan iya, na riƙe lambun ina nomawa, ƙasar kuma tasa ce duk ranar da ya dawo da kuɗin. Na san akwai malaman da ke da magana a kan mai jingina ya ci amfanin abin da aka jinginar masa, shi ya sa muka rubuta a gaban mai unguwa cewa kowace shekara za a rage wani abu daga bashin a madadin haya. Ban ce wannan ita ce amsa ga kowa ba. Wani ba shi da niyyar dawowa, sayarwa ta fi masa alheri, kuma wanda ya saya masa da farashin adalci ya taimake shi. Abin da na ke cewa shi ne, "sai ka dawo" da za ka faɗa wa mutum a tasha ba ta da ma'ana idan da hannunka ka rufe wurin da zai dawo.

Na dattijon ya bambanta, domin shi bai nemi kuɗi ba. Kwana biyu kafin tafiyarsa ya kira ni ƙarƙashin babban mangoron, ya ce: "Malam, ƙasa dai ka ba wanda ka ga zai iya nomawa, ba na son ta zauna. Amma itatuwan nan kai na bar wa amana. Ka sha, yara su sha, abin da ya rage ka sayar mu raba." Na ce: "Baba, ai ko ba rabo zan kula da su." Ya ce: "A'a. In babu rabo, shekara biyu za ka manta da ni, ni ma in ji kunyar tambaya. In akwai rabo kuwa dole ka kira ni."

Na daɗe ina juya wannan magana. Dattijon bai yi boko ba, amma ya warware matsalar da Aristotal, masanin falsafar Girka, ya tsaya a kanta. Shi Aristotal ya kasa abota uku: ta amfani, da ta jin daɗi, da ta nagarta, yana ganin biyun farko suna gushewa da gushewar dalilinsu, ta ukun ce mai ɗorewa. Ya kuma lura cewa nisa ba ya kashe abota kai tsaye, aikinta yake tsayarwa, amma in rabuwa ta yi tsawo sai mantuwa ta shigo. In aka bi wannan rabo, abotar lambu ta amfani ce, don haka tiyo na naɗewa ita ma ta naɗe. Ni kuwa abin da na gani shi ne ba a raba ukun da wuƙa. Ta hanyar amfani ne na san nagartar dattijon: na ga yadda yake mayar da inji da tankinsa cike, na ga bai taɓa karkatar da ruwa ba a ranar da ba tasa ba ko da babu mai ganinsa. Ba a gane mutumin kirki a hira, sai an haɗa kuɗi ko ruwa da shi. Shi kuma ya fahimci cewa nagarta kaɗai, in ba ta da wani aiki da za ta riƙa yi, bushewa take kamar dashen da aka daina ba ruwa. Sai ya ƙirƙiro mana aiki. Ya mayar da kewa lissafi, domin lissafi yana da ranar da ake yin sa, kewa kuwa ba ta da rana.

Abin da ya tsara yana da suna a fiƙihu, musaƙa, wato mutum ya kula da itatuwan wani a kan wani kaso na 'ya'yan. A kan irin wannan ne aka bar dabinon Haibara a hannun masu nomansa bisa rabin amfani. Akwai kuma abin da ya fi wannan kusa da halinmu: lokacin da Muhajirai suka iso Madina hannu wofi, Ansar sun nemi a raba itatuwan dabinonsu biyu, ba a yarda da raba itatuwan ba, aka tsaya a kan tarayya cikin 'ya'ya, da Muhajirai suka sami wadata kuma suka mayar da abin da aka ba su aro. Darasin da ake yawan ɗauka daga nan shi ne yadda ake tarbar baƙo. Amma kowane baƙo da ya iso wani gari, akwai garin da ya baro, kuma akwai waɗanda ya bar wa kaya. Mun yi wa'azi da yawa a kan haƙƙin mai zuwa, ba mu cika yin magana a kan haƙƙin mai tafiya ba.

Ana cewa zumunci a ƙafa yake, kuma a yau mutane suna ƙarawa da cewa waya ta maye gurbin ƙafa. Mu a Dandume muna da dalilin yin taka-tsantsan da wannan magana. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, da tamu a ciki. Watanni muka yi wanda ke da ɗan'uwa a nesa sai ya yi tafiya zuwa inda akwai sabis kafin ya ji muryarsa. A lokacin ne aka ga bambanci: wanda zumuncinsa na gaisuwar Juma'a ce a WhatsApp ya yi shiru har aka dawo da layi, wanda kuma ke riƙe da amanar wani ya nemi direban mota ya ba shi saƙo. Waya tana sauƙaƙa zumunci, amma ba ta samar da dalilinsa. Matashin da ya koma Kura shi ya fi kowa kusa da ni a tafiyar mota, shi ya fi kowa iya waya, kuma shi ne na fi daɗewa ban ji ɗuriyarsa ba, saboda babu abin da ya bari a hannuna sai fatan alheri. Ba na ganin laifinsa, ba na kuma ganin nawa. Igiyarmu ba ta da abin da aka ɗaura mata.

Akwai wata al'ada tamu ta sallama da nake ganin ta fi duk wata walimar bankwana hikima, ita ce neman yafiya. Mai tafiya zai bi gida-gida yana cewa a yafe masa, a ce masa ba ka yi mana komai ba, mu ma ka yafe mana. A wasu bakunan ta zama kamar gaisuwa. Tsakanin masu lambu kuwa tana da nama a jikinta, domin babu maƙwabtan fadama da suka shekara goma ba tare da wani ya taka dashen wani, ko ya wuce lokacinsa da inji, ko ya matsa iyaka da faɗin fartanya ba. Irin waɗannan ƙananan abubuwa, muddin ana tare, gobe ce ke wanke su: yau ka ɓata mini, gobe ka taya ni ɗaukar kwando, magana ta wuce ba tare da an yi ta ba. Ranar tafiya ita ce ranar da gobe ta ƙare. Abin da ba a wanke ba a ranar, haka zai bushe a jikin tufa. Shi ya sa nake ganin wanda ya sulale da dare ba sallama, ko da tsoro ne ya sa shi, ya tafi da kaya mafi nauyi fiye da wanda ya tsaya ya sha kunyar hawaye a gaban mutane. Kuma shi ya sa bai dace wanda aka zo wa sallama ya yi amfani da damar ya karanto tsofaffin laifuffuka ba. Mai neman yafiya ya riga ya sauke makaminsa.

Wani abu da na lura da shi, wanda ban ga an cika ambata ba: dukkan su ukun sun tafi da iri. Sa'ana ya ɗaure irin albasarsa a tsumma, dattijon ya sa irin kuɓewa da na alayyafo a kwalba duk da ya san gidan haya za shi, inda ko wurin shanya babu. Ban tambaye shi inda zai shuka ba. Daga baya ɗansa ya gaya mini cewa ya cika tsofaffin buhunan siminti da ƙasa ya jera su a bayan ɗaki, maƙwabta Yarabawa suna zuwa kallo, wasu har sun fara roƙon iri.

Mangoron ya yi fure sau uku tun bayan tafiyarsa. A shekarar farko na sayar wa masu sari a kan bishiya, na tura masa rabinsa ta hannun mai POS, ya kira ya yi faɗa cewa na sayar da wuri, da na jira sun ƙara nuna. A ta biyu iska ta kaɗe furen, abin da aka samu bai taka kara ya karya ba, na gaya masa, ya ce a raba wa almajirai. A bana ne ɗansa ya kira ni a ɓoye, ya ce jikin tsohon ya yi rauni, asibiti na cin kuɗi, ko zan nemo mai sayen lambun da itatuwan gaba ɗaya, kada dai in gaya wa Baba tukuna. Na ce masa amanar daga bakin mahaifinsa na karɓe ta, daga bakinsa kuma zan sauke ta. In kuɗin magani ne, ga rabon bana zan tura har da nawa, sauran magana sai mu yi ta mu uku. Ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce zai sa shi a waya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.